Mai Takaba a Bayan Ƙyallen Majigi

Ranar kasuwar Gwiwa ce, da kaka, an fara yankan gero amma sauro bai tafi ba. Bayan sallar isha'i aka ta da injin majigi a ƙauyenmu. Mai Gari yana kan kujerarsa a gaba, dattawa a tabarmi kusa da shi. Liman yana tsaye can nesa a gindin tsamiya, wai shi wucewa yake yi, amma har aka tashi bai wuce ba. Akwai malaman firamare, akwai Malam Yohanna disfensa, mutumin Kudancin Zariya, akwai wasu Fulani da suka makara a kasuwa suka ce bari su ba idonsu abinci. Ni ma ina wurin, saurayi da gashin baki ya fara tsirowa, na dawo daga kwalejin horon malamai a Kano saboda rasuwar mahaifina. Ƙauyenmu yana tsakanin Kazaure da Gwiwa. Ba zan kira sunansa ba, domin mutanen da zan ambata suna da jikoki a can.

Abin da ya tono mini wannan magana shi ne jikana. Kwanan baya ya zo ya zauna kusa da ni da wayarsa, ya ce ya samo wani tsohon fim na fatalwa, baƙi da fari, in zo in ga yadda mutanen da suke tsoron abin banza. Ina duba gilashin na gane shi. Rijiyar nan ce, matar nan ce. Yaron yana kallo yana cin gyaɗa, in ya gaji sai ya ja da yatsa ya tsallake wurin da bai yi masa ba. Da matar ta fito ya yi dariya har da buga ƙafa, ya ce, "Kaka, don Allah wannan ce abin tsoron? Ai ga garin da aka shafa mata a fuska." Na ce masa haka ne. Na yi shekaru ina aiki a gidan rediyo, na koyi cewa ba kowace magana ake fara ta ba in babu lokacin gama ta.

Garin da na tashi a ciki ba shi da haske bayan magariba sai na aci-balbal da na wata. Saboda haka kunne muke amfani da shi fiye da ido. Da asuba lugude ne, gida yana amsa wa gida. Da rana ƙarar guga a bakin rijiya da kukan jaki. Da yamma shanu suna dawowa, yara suna kiran awaki kowace da sunanta, sai kuma rediyon Mai Gari, wanda shi kaɗai ne a garin, ana kunna shi a ji labaran duniya a kashe don kada batir ya ƙare. A gidanmu kuwa akwai wata ƙara ta daban, ta tukunyar kalwa tana tafasa. Inna, mahaifiyata, daddawa take yi. Tun ina ƙarami aikina ke nan in yo mata itace, in taya ta wanke kalwar bayan an surfe, in kori kaji daga shanya. Warin yana kama riga, a makaranta har tsokanata ake yi. Amma daddawar Inna har daga Roni ake aiko a saya, kuma da ita aka saya mini akwatin tafiya kwaleji. Yanzu mata sun koma ɗan dunƙulen kanti, a ɓare takarda a jefa a miya. Ban ce ba shi da daɗi ba. Na dai san ba wanda zai iya ɗanɗana miya ya ce hannun wance ne.

Majigi ba baƙonmu ba ne. Tun wajen samun 'yancin kai motar gwamnati takan zo ta nuna mana yadda ake sa taki da amfanin lamba a hannun yara. Ana kallo, ana hamma, ana tafiya gida. Amma a shekarun da kuɗin man fetur suka fara zuba, abubuwa suka sauya. Wani ɗan garinmu ya samu kwangilar kwalbatoci, ya sayi mota, ya je Makka ya dawo, ya ga ya kamata ya yi wa gari wani abin da za a daɗe ana faɗa. Shi ya ɗauko wani mutum da ake kira Mamman Majigi, wanda yake sayen tsofaffin finafinan da gidajen silima na Kano suka gaji da su, yana yawo da su kasuwa-kasuwa a bayan akori-kura.

Labarin fim ɗin ya riga shi isowa. An ce a Kazaure samari sun kalla sun nemi a maimaita. An ce a Roni wani malami ya hana almajiransa zuwa, ya ce nuna matacce yana tafiya ƙaryata kabari ne. An ce a Babura wani mai sayar da raƙuma daga Nijar ya tashi a tsakiyar kallo ya ce shi ba za a tara shi da aljanu a kuɗinsa ba. Fim ɗin na ƙasar Indiya ne, ba mai jin abin da suke faɗa, har shi Mamman ɗin. Amma yana riƙe da lasifika yana fassarawa da ƙarfin hali, kuma daga baya na ji cewa kowane gari da irin fassarar da yake ba su.

An kafa itace biyu a filin da ke gefen gidanmu, aka ɗaure farin ƙyalle. Maza suka zauna ta gaba, wajen injin. Mata da yara suka zauna ta baya, domin hoto yana ratsa ƙyallen, sai dai su komai a juye suke ganinsa, mai cin abinci da dama su a wurinsu bahago ne. Labarin ba shi da wuya. Wata amarya ce dangin mijinta suka jefa a rijiya suka rufe bakin, sai ta riƙa fitowa cikin fararen kaya, gashinta a kwance har baya, tana bin su ɗaya bayan ɗaya. Ba ta gudu, ba ta magana. Tafiya kawai take yi a hankali.

Na sha karanta sharhin masana a kan finafinai daga baya, amma ban taɓa jin sharhi mai kaifi kamar na wannan fili ba. Wani tsoho ya ce da ƙarfi, "To ai dole ta dawo! Ba wanka, ba likkafani, ba salla, ku ce ta kwanta?" Wani ya ce, "Mijin nan ragon banza ne, ko Ƙulhuwallahu bai iya ba." Daga bayan ƙyalle wata mata ta ɗaga murya, "Ki fara da uwar mijin, 'yar nan!" Aka yi dariya. Mamman kuma yana ta zuba, "Ga ta nan fa, jama'a! Ta ce yau sai ta sha ruwan cikinsa!" alhali matar ko baki ba ta buɗe ba. Amma da tafiya ta yi nisa dariyar ta ragu. Kiɗan ya koma wani siririn kuka kamar na goge. Na ji wani Bafulatani a bayana yana karanta abin da ya sawwaƙa. Matar ta juyo ta fuskanci masu kallo, ta taho, tana girma, tana girma, har ta cika ƙyallen.

A daidai nan Inna ta fito.

Inna tana cikin takaba. Wanda bai ga takabar wancan zamani ba sai an yi masa bayani. Mace ba ta kitso, ba ta kwalli, ba ta lalle. Tsohon farin zane take ɗaurawa. Ba ta ɗaga murya, ba ta sauri, kuma tsofaffi sun ce kada ta taka waje ba ƙarfe a hannunta, saboda haka duk inda ta yi tana riƙe da 'yar wuƙa. Ba ta da niyyar fita. Ƙarar injin ce ta firgita tunkiyar da mahaifina ya bari, ta tsinke igiya ta yi fili, ni kuma da ya kamata in kamo ta ina can ina kallo. Inna ta bi ta. Darni ya fizge mata ɗankwali ba ta tsaya ɗauka ba. Tunkiyar ta kutsa ta ƙarƙashin ƙyalle, Inna ta zagayo ta gefensa, ta ɓullo a gaban mata da yara, hasken yana dukanta, gashi a tsefe, wuƙa a hannu, tana tafiya a hankali yadda aka umarce ta.

Ihun da aka yi har yau yana kunnena. Aka tattake juna, aka bar takalma da tabarmi. Cikin ɗan lokaci aka gane ko wace ce, wasu har suka fara dariya suna cewa, "Ashe Inna mai daddawa ce." Mamman ya ci gaba da fim ɗinsa. Amma wata yarinya mai suna Ladi, wadda ke zaune a sahun gaba, ba ta tashi ba. Ɗaukarta aka yi aka kai gida.

Ladi 'yar maƙwabtanmu ce, katanga ɗaya ta raba mu. Ubanta Mati mahauci ne, uwarta kuwa Goggo Hajara, ƙawar Inna tun suna amare. Washegari zazzaɓi ya rufe yarinyar. Kwana biyu jikinta kamar garwashi, ta fara sambatu, tana cewa, "Ga ta nan, ga Inna nan da wuƙa, ku hana ta." A garinmu in mara lafiya ya kama sunan mutum a cikin sambatu, magana ta ƙare. An san abin da ake nufi: wannan mutumin maye ne, ya kama kurwarsa. Maganin kuma ɗaya ne, wanda aka kama sunansa ya zo ya tsallaka mara lafiyar a gaban mutane, ya saki abin da ya riƙe. In ya ƙi, aka rasu, shi ya cinye. In ya yarda, aka warke, to ya tabbata shi ne. Kuma maita a wurinmu ta nono ake shanta. In uwa mayya ce, 'ya'yanta ma haka.

Mati ya zo ƙofar gidanmu da hantsi, shi da 'yan'uwansa. Bai yi zagi ba. Idonsa ya yi ja saboda rashin barci. Ya ce da ni, "Malam ƙarami, ka shiga ka gaya wa tsohuwarka, don girman Allah ta zo ta tsallaka mini yarinya. Ba na neman rigima."

Na ce, "Baba Mati, zazzaɓin sauro ne. Ku kai ta wurin Malam Yohanna."

Ya ce, "An kai. Ya yi mata allura da safen nan. Allura tana hana yaro kiran suna?"

Ni a lokacin ina ganin duk wani duhu bayani ne maganinsa. Na hau keke na bi Mamman har inda ya sauka, na roƙe shi ya ba ni wani guntun fim da ya tsinke. Na dawo na tarar da dattawa a ƙofar Mai Gari, na ɗaga shi a rana na ce su duba. Ga matar nan 'yar mitsitsiya, a jere, hoto bayan hoto. Na yi musu bayanin yadda injin yake jan su da sauri har ido ya ɗauka motsi ne. Na ce matar tana nan da ranta a ƙasarsu, an biya ta ne ta shafa gari. Suka karɓa suna dubawa ɗaya bayan ɗaya, suna jinjina kai. Mati ya duba ya miƙo mini.

Ya ce, "Yaro, kana tsammani mu mahaukata ne? Mun san hoto ne. Ta cikin hoton ba ruwanmu da ita, Ladi ba ta kira sunanta ba. Wadda ta fito daga bayan ƙyallen muke nufi."

Na juya wajen liman. Ya daɗe yana jan carbi, sannan ya ce shi a karatunsa bai ga inda aka ce a tsallaka mutum ba, kuma zato zunubi ne. Aka ce to ya hana. Ya ce shi ba zai hana uba neman wa 'yarsa sauƙi ba. Abin da ya iya yi kawai, ya ce in za a yi, ba za a tuɓe wa mai takaba zane ba kamar yadda wasu suke nema. Malam Yohanna ya ja ni gefe ya ce, "Ka ba allurar nan zuwa gobe, zazzaɓin zai sauka. Ka riƙe mamanka a gida zuwa gobe kawai." Na ga wannan ita ce mafita, na koma gida da ƙarfina.

Na sami Inna a tsakar gida tana tsince kalwa. Tun da abin ya faru ba wanda ya aiko sayen daddawa, amma ba ta fasa aikinta ba. Ni ɗan fari ne, ba ta kiran sunana, ba ta ma cika duban fuskata ba. Na durƙusa na gaya mata duk yadda aka yi. Na ce ta yi haƙuri zuwa gobe.

Ta ce, "In ba ta kai goben ba fa?"

Na ce, "Za ta kai, Inna. Disfensa ya ce za ta kai."

"Shi ya ba ta ran?"

Ta katanga muna jin Goggo Hajara tana kuka ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan Ladi. Na ce, "Inna, in kika tsallaka ta warke, shi ke nan an ce ke ce. Ba mai ƙara cin abin hannunki. Ni ma ba mai ba ni 'yarsa a garin nan. Ke kin san ba ki yi komai ba."

Ta ce, "Na sani. Hajara ce ba ta sani ba." Ta zuba kalwar a ƙwarya ta kakkaɓe zaninta. "Ranar da zan haife ka, wannan matar ce ta riƙe ni tun dare har rana ta fito. Yanzu tana can tana ganin ran 'yarta yana hannuna na ƙi saki. Ko da ƙarya ne, haka take gani. Kai kana da karatu, duk inda ka je za ka ci abinci. Tashi ka ɗauko mini takalmina."

Na ce ba zan ɗauko ba. Ta shiga ɗaki ta ɗauko da kanta.

Bayan la'asar ne. An shimfiɗa Ladi a tabarma a tsakar gidansu, mata sun cika gidan, maza a zaure suna leƙe. Da Inna ta shiga aka dare mata hanya, irin darewar da ban taɓa ganin an yi mata ba. Ba ta dubi kowa ba. Ta ajiye wuƙarta a bakin ƙofa don kada yarinyar ta gani, ta yi bisimilla a fili yadda kowa zai ji, ta tattare zaninta ta tsallaka. Aka ce ta sake, ta sake. Aka miƙo mata ruwa a ludayi ta kurkure baki, aka ɗiga wa yarinyar ruwan a baki. Sannan ta sunkuya ta taɓa goshinta ta ce, "Allah Ya ba ki lafiya, Ladi." Goggo Hajara tana tsugune a gefe, fuskarta a cikin mayafi. Inna ta tsaya kaɗan a kanta, kamar mai jiran a ce wani abu. Ba a ce ba. Ta ɗauki wuƙarta muka fito.

Da gari ya waye zazzaɓin ya sauka, kamar yadda Malam Yohanna ya faɗa. Ladi ta nemi kunu. Gari ya ɗauka cewa Inna ce ta saki kurwarta. Da hantsi sai ga ƙwaryar gero an turo ta ƙarƙashin ƙyauren gidanmu, daga gidan Mati, ba wanda ya biyo ta. Irin wannan kyauta ake yi wa maye in ya ji roƙo. Na ɗaga ƙafa zan yi fatali da ita, Inna ta ce in bari, hatsi bai yi laifi ba.

Ba wanda ya kore mu, ba wanda ya jefe mu. Ana gaida Inna, har ma an fi da gaishe ta. Amma in ta doso rijiya sai uwaye su jawo 'ya'yansu jikinsu. Daddawar da ta shanya ta bushe ta yi tauri a kan rufin ɗaki. Yaran da suke mata talla iyayensu suka hana su. Goggo Hajara ta sa aka ƙara wa katangar tsawo.

Bayan na koma Kano na sake ganin fim ɗin a wani gidan silima a Sabon Gari. Wurin cike yake da 'yan kasuwa da leburori da suka haddace shi, suna yi wa matar fito, suna jifan allon da ɓawon rake. Wani abokin karatuna, wanda yake ganin kansa masani, ya ce aikin ba shi da kyau, hasken ya yi yawa, kuma kowa yana iya ganin igiyar da aka ɗago ta da ita daga rijiya. Na duba, akwai igiyar kuwa. Duk abin da ya faɗa daidai ne. Shi ma jikana daidai ya faɗa. Na gaji da jin mutanen da suke da gaskiya a kan wannan fim.

Ana ce mini yanzu kai ya waye, kuma ban musa ba. Akwai asibiti a inda da babu, yara suna kallon abin da ya fi wannan muni su yi barcinsu lafiya. Sai dai kwanaki na ji a rediyo an taru a kan wata tsohuwa a wani gari saboda yaro ya kira sunanta, kuma wannan karon masu kallo sun ɗaga wayoyi suna ɗauka.

Ranar da Inna ta fita takaba ta yi wanka, ta yi kitso, ta shiga gida-gida ta yi sallama, har gidan Mati. Washegari ƙaninta ya zo da amalanke daga Babura ya kwashe kayanta. A can ta koma saƙar faifai, ba ta ƙara dafa abin sayarwa ba, kuma a can ta rasu. Ni na yi aure a Kano. Ladi tana nan da ranta, ta haifi 'ya'ya ta ga jikoki, kuma ba ta tuna komai daga wannan zazzaɓi.